Daga Dakar zuwa tsibiran Salum a jirgin iska

Mu mutanen Maradi da teku muke ci, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba. Shinkafar da ke jibge a shagunan Babbar Kasuwa, da atamfa, da tayoyi, da motoci na hannu, duk ruwa suka biyo kafin su hau bayan tirela. Shekara da shekaru alhazan garin nan suna kai da kawowa tsakanin Maradi da Kwatano, kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023 kowa ya ji a jikinsa, har mai sayen sukarin dala ashirin. Amma ka tambayi ɗan kasuwar da ya tsufa yana fito da kaya daga tashar jiragen ruwa yaya teku yake, labarin kwantena da 'yan duwan da layin motoci zai ba ka. Ruwan da muka sani shi ne Gulbi, mai zuwa da damina ya tafi da rani, sai tafkin Madarunfa.

Ni aikina na gona ne. Da manoma nake yini, a kan maganar itace da ƙasa. Yayana kuwa gyada da riɗi yake saye da sayarwa, kuma ya daɗe da ƙudurin ziyarar Kaulaha. Babban ɗansa ya yi karatu a Dakar, ya samu aiki ya zauna can. Shi ne ya ce in dai za mu zo Senegal kada mu bi kwalta, akwai wani dattijo da ya sani, mutumin tsibiran Salum, mai jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, yana ɗaukar matafiya a ƙarshen bazara kafin damina ta kankama. Yaya ya ce masa a waya, "Kai ɗan nan, ziyara na ce maka za ni, ba kamun kifi ba." Yaron ya ce, "Baba, ai ruwan Salum ɗin nan har bakin Kaulaha yake zuwa." Da wannan ya shawo kansa. Muka hau bas zuwa Yamai, jirgin sama ya sauke mu Dakar, ko canjin kuɗi ba mu yi ba tunda sefarmu ita ce tasu.

Jirgin yana tsaye a gaɓar Han, inda irinsa ke taruwa. Tsawonsa bai wuce mita 12 ba. A tsakiya akwai doguwar sanda ta ƙarfe, da filafilai biyu na farin yadi mai kauri, babba a bayan sandar, ƙarami a gabanta. Ciki ɗan ɗaki ne mai siraran gadaje, da murhun gas da aka rataye yadda ko jirgi ya karkata tukunya ba ta zubewa. Akwai inji, amma na shiga da fita ne. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bayanin matuƙin cewa a ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyin gaske nutse cikin ruwa, shi ke maido da jirgi tsaye duk yadda iska ta kwantar da shi. Kafin a tashi ya miƙa wa kowa rigar ceto, ya tsaya sai da ya ga an ɗaure. Ba ya wasa da wannan, kuma yana da dalili. Ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Jola ya kife a gaɓar Gambiya da mutum fiye da 1,800, kuma da wuya ka samu ɗan Senegal da bai san gidan da aka yi zaman makoki ba.

Zango na farko kusa ne. Tsibirin Gore yana wajen kilomita uku daga tashar Dakar, tsawonsa bai kai kilomita guda ba, kuma babu mota ko ɗaya a kansa. Lunguna ne na yashi tsakanin tsofaffin gidaje jajaye da masu ruwan ɗorawa, furanni na leƙowa ta kan katanga. 'Yan Fotugal sun iso nan a 1444, ya bi ta hannun Holan da Ingila, Faransa ta ƙwace shi a 1677. Kowa Gidan Bayi yake nufa, ginin da aka yi wajen 1776. Sama falon masu gida ne mai shan iska. Ƙasa kuwa ɗakuna ne masu duhu da danshi, da wani siririn lungu da ke ƙarewa a ƙofar da ba ta buɗewa ga komai sai ruwa da duwatsu. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan yawan mutanen da suka fita ta wannan tsibiri, da dama na ganin manyan kasuwannin bayi suna wasu wurare ne. Wannan bai rage mini nauyin wurin ba, sai ma ya mayar da tunanina gida. Hausawan da aka sayar wa jiragen Turawa galibi ta Wida da Porto Nobo da Ikko aka fitar da su, gaɓar nan dai da kayanmu ke sauka yau. An kai da yawa Bahiya a Brazil. A 1807 aka bankaɗo shirin boren Hausawa a can, kuma a Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, suka tashi a birnin Salbado. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu masu rubutun Larabci. Mutane ne da suka yi karatun allo irin namu. Kuma ba Bature ne ya shigo ƙasar Hausa ya kamo su ba. Yaƙe-yaƙen wancan zamani ne suka tura su kudu, waɗanda Maradi kanta a cikinsu aka kafa ta, kuma kowane ɓangare ya kama mutane ya sayar. Wannan magana ba ma yawan yin ta a zaure, alhali ta kamata a yi.

A Gore ɗin kuma makarantar Wiliyam Ponti ta zauna daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, inda Faransa ke horar da malamai da akawu na duk yammacin Afirka. Bubu Hama ya yi karatu a nan, Jori Hamani ma haka, da Modibo Keita na Mali. Na tsaya gaban tsohon ginin ina tunanin yaron da aka ɗauko daga Nijar a wancan zamani, aka ajiye shi shekaru a kan wannan ɗan dutse, ruwa ta kowace kusurwa.

Washegari bayan asuba muka ɗaga ƙugiya muka miƙi kudu. Da muka fita daga cikin manyan jirage, matuƙin da yaronsa suka ja igiya, babban filafili ya hau sama yana kaɗawa da ƙara, sai iska ta cika shi ya yi shiru ya kumbura. Jirgin ya ɗan kwanta gefe guda. Sannan matuƙin ya kashe inji. Abin da ya rage sai ƙarar ruwa yana tsagewa a gaba, da kukan igiya in ta yi tauri. Mutum biyar da kayansu, da ruwan sha da buhun shinkafa, suna tafiya ba a ƙona ko ɗigon mai ba. Yaya, wanda ya san kuɗin gazuwal daga Kwatano zuwa Maradi a ka, ya daɗe yana kallon yadin nan kafin ya ce, "Ikon Allah sai kallo."

Iskar ta arewa maso yamma ce, daga bayanmu take, shi ya sa tafiyar ta yi sauƙi. Matuƙin ya ce dawowa ce mai wuya, domin jirgi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai ya riƙa yanka ta a karkace, ya yi dama ya dawo hagu, tafiyar yini ta zama ta yini biyu. Gudunmu bai wuce kilomita tara ko goma a awa ba. Idonsa ba ya barin ruwa, saboda tarunan masunta da ake sa wa alama da jarka da 'yar tuta, waɗanda in jirgi ya sarƙe da su an shiga rigima da asara. Da hantsi jiri da tashin zuciya suka kama ni da Yaya. Matuƙin ya hana mu shiga ɗaki, ya ce mu zauna waje mu kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ya ba mu ɗanyar citta mu tauna. Kafin azahar abin ya lafa.

Da lokacin salla ya yi, yaron jirgin ya ɗaura igiya a bokiti ya ɗebo mana ruwan teku. Yaya ya dube ni, na dube shi, domin mun tuna abu ɗaya. A zauren malaminmu mun karanta hadisin nan na cikin Muwaɗɗa, inda wani ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna hawa teku da ruwa kaɗan, in muka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama mu, ko za mu yi da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mun haddace shi muna yara a garin da ke da nisan kusan kilomita dubu daga teku. Ranar nan muka kurkure baki da ruwan gishiri, matuƙin ya duba kamfas ya nuna mana alƙibla, muka yi ƙasaru a zaune saboda tangaɗin jirgi.

Gaɓar da ke tsakanin Dakar da Jowal ba ta riƙe ni ba. Duwatsun Popengin, sai jerin otal-otal na Sali, sai Mbur da ɗaruruwan kwale-kwalenta masu fenti kala-kala. Jowal kuwa tun daga nesa hanci ke sanar da kai, saboda hayaƙin matan da ke banda kifi. Ƙananan kifaye ne masu ƙaya da suke kira yaboy, abincin talaka, ana cusa su a buhuna a kai Burkina da Mali da Gini. Kowa ka zanta da shi kukansa ɗaya: kifi ya ja baya, manyan jiragen ƙasashen waje na kwashewa, masana'antun da ke niƙa kifi su yi abincin dabbobi na saye da tsada. Kwale-kwalen da ya kasa ciyar da gida shi ake cikawa da samari a nufi tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar wajen kilomita 1,500 a buɗaɗɗen teku. Ban ji wannan a matsayin baƙon labari ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, suna neman Aljeriya. Abin da ke fitar da mutum daga gidansa ya jefa kansa cikin irin wannan hanya, mun san shi.

Jowal ce mahaifar Sengor, shugabansu na farko, wanda aka haifa a 1906, Kirista da ya mulki ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne daga 1960 zuwa 1980. Daga nan doguwar gadar katako ke kai ka Fadiyut, kuma wannan gari ban taɓa ganin irinsa ba. Tsibirin gaba ɗaya a kan ɓawon halittun ruwa yake, wanda kakanni suka ci naman suka zubar, aka yi ta zubawa har ya zama ƙasa. Titi ɓawo ne, tsakar gida ɓawo, a cikin bulon gini ma shi ne. In kana tafiya yana ƙara ƙarƙashin takalmi kamar ka taka ɓawon gyada a wurin ɓara. Mafi yawan mutanen garin Kiristoci ne, za ka ga aladu na kiwo a laka in ruwa ya janye, amma ga masallaci, kuma a gida ɗaya za ka samu mai zuwa coci da mai zuwa Juma'a. Wata gadar ta biyu tana kaiwa maƙabarta, tudun ɓawo fari fat da kukoki a kansa, inda Musulmi da Kirista ke kwance a wuri ɗaya, kowa da ɓangarensa. Yaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a a wajen kaburburan Musulmi, mai yi mana jagora, Kirista, ya cire hularsa ya tsaya har muka shafa.

Daga saman tudun nan ake hango abin da ya fi burge ni: rumbunan gero a cikin ruwa, an ɗora su kan dogayen turaku nesa da gari, don ko gobara ta tashi abinci ya tsira, ɓera kuma ba ya iyo ya kai. Yanzu yawancinsu ba a zuba hatsi, amma an bar su tsaye. Serer, ƙabilar mutanen garin, manoman gero ne tun asali, gonakinsu na can tudu, a kwale-kwale ake kawo damma. Da dare a wani gida aka ba mu tsakin gero da aka turara aka haɗa da garin kuka don ya yi santsi, da miyar kifi. Yaya ya ci ya ƙoshi. Cebu jen ɗinsu, shinkafa da kifi da rogo da gauta da yakuwa da ɗan tsamiya, yana da daɗi ƙwarai, amma geron nan ne ya ce ya zauna masa a ciki.

Inda tafiyar ta zama tawa sosai shi ne bakin Salum. Da muka kusato Jifer, matuƙin ya rage filafilai ya kunna na'urar auna zurfi, domin tudun yashin ƙarƙashin ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Ya nuna mini wata buɗaɗɗiyar rata ta ruwa mai faɗin kilomitoci, ya ce, "Malam, nan da kake gani da ƙafa muke bi muna samari." A da wani siririn harshen yashi ne ya miƙo daga arewa ya bi ta Jifer har Sangomar, ya tare bakin kogin daga dukan teku. A Fabrairun 1987 guguwa da manyan igiyoyin ruwa suka fasa shi. Sangomar ta zama tsibiri, ratar kuma tun daga nan faɗi take ƙarawa. Jifer tana ta rasa gidaje. Ƙauyukan da ke bayan harshen yashin, irin su Jonewar, waɗanda a da ruwansu kwance yake, yanzu teku na bugun su kai tsaye. Na ga kututturan kwakwa tsaye cikin ruwa, na ga bangon ɗakin da rabinsa ya tafi, na ɗanɗana ruwan rijiyar da gishiri ya shiga.

Na ba shi labarin namu. Tsohuwar Maradi a fadama take, ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye ta, aka hau da gari bisa tudu aka yanka waɗannan miƙaƙƙun tituna da muke bi yau. Tsofaffinmu har suka rasu suna lissafin shekaru da ita. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ku kuna da tudun hawa." Gaskiya ya faɗa. A tsibiran nan wuri mafi tsawo sau da yawa tarin ɓawo ne da hannun mutum ya tara. Irin waɗannan tuddai 218 aka lissafa lokacin da UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, wasu tsawonsu ɗaruruwan mita, 28 daga ciki da kaburburan mutanen da a cikinsu. Daga nesa ana gane su da kukokin da ke kansu.

Bayan bakin kogi ruwa ya rarrabu ƙananan hanyoyi masu lanƙwasa tsakanin wani daji kore shar da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, itacen mangurob. Saiwoyinsa daga jikin gangar suke fitowa, su lanƙwaso su soke laka, su sarƙe da juna yadda ko akuya ba za ta ratsa ba. Su ke riƙe ƙasa, su ke karya ƙarfin ruwa, a cikinsu kifi ke ƙyanƙyasa. Rayuwa a nan da cikar ruwa da janyewarsa take tafiya. Wajen awa shida yana hawa, wajen awa shida yana sauka, kullum kuma lokacin na jinkirtawa da kusan minti hamsin. Mafi girman cika da mafi nisan janyewa suna zuwa ne a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Don haka mace a Nyojor ko Jonewar ta san kwanan wata ba tare da ta tambayi liman ba, domin shi ke gaya mata yaushe za ta fita laka neman halittun ruwa masu ɓawo.

Mun bi wasu mata a kwale-kwale muka ga aikin da ido. Suna shiga laka har gwiwa, tsummoki ɗaure a ƙafa da hannu saboda kaifin ɓawo, suna tono da cokali ko ɗan ƙarfe, suna cika kwando. A gida a tafasa, a ɓare, a shanya naman a rana, ɓawon a zuba bayan gida. Akwai wani iri da ke manne wa saiwar mangurob. Wata dattijuwa ta bayyana mana, matuƙin yana fassarawa, cewa a da da adda ake sare saiwar gaba ɗaya a tafi da ita gida. Yanzu sun bari. Suna huda tsohon ɓawo su jera a igiya, su rataye a jikin sanduna cikin ruwa, ƙananan su zo su manne su girma a nan. Suna kuma rufe wasu wurare na watanni, ba mai taɓawa. Ta ɗauko mini ɗan itacen, kore, siriri, tsawon taƙi guda, wanda tun yana jikin uwarsa yake tsirowa. Da damina gari ke fita a soka su a laka layi-layi. Na tambaye ta wa ke tsaron wurin da aka rufe. Ta dube ni da mamaki, ta ce su da za su ci.

Amsar nan ita ce abin da na yi shekaru ina gani a gonakin Maradi. Farin shekarun 1970 da na 1984 da ya kashe mana dabbobi ya durƙusar da gyada, shi ne dai ya hana ruwan daɗi sauka Salum, gishiri ya ƙaru, dajin mangurob mai yawa ya bushe. A wajenmu an kashe kuɗi masu yawa a dashen itatuwa, a kafa allo da sunan aiki, shekara biyu ka dawo ka tarar da allon kawai. Abin da ya maido da itace a ƙasar Maradi da Damagaram shi ne sassabin zamani: manomi ya bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututturen gawo ko kalgo ko sabara, ya zaɓi masu ƙarfi ya rage sauran. Tun shekarun 1980 abin ya bazu a miliyoyin hekta, kuma bai bazu ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai sassabe reshe ya yi girki ko ya sayar ba tare da ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara ba. Ban ce igiyoyin matan nan za su toshe ratar Sangomar ba, wannan ya fi ƙarfinsu. Amma duk inda na ga daji ya dawo a tsibiran nan, na tarar masu cin amfaninsa ne ke da ta cewa a kansa.

Wata la'asar muna cikin ɗaya daga waɗannan hanyoyin ruwa, iska ta ɗauke ɗif, zafi ya sauko. Yaya ya dubi gabas ya ce mini, "Ka ga abin da na gani?" Gindin sama ya yi baƙi, da wani jan ƙura a ƙasansa. Ya ce wa ɗansa, "Gaya wa mai jirgi hadarin nan da iska yake tafe, kuma ba zai kai magariba ba." Matuƙin ya riga ya gani, amma ya yi murna da jin haka daga bakin baƙo. Hadarinsu daga gabas yake zuwa, irin namu ne, wanda ke haɗuwa a Sahel ya yi ta tafiya yamma har ya faɗa Atlantika. Nan da nan suka sauke filafilai suka naɗe suka ɗaure tam, aka nemi wuri mai laka aka jefa ƙugiya, aka saki sarƙa mai tsawo, aka rufe tagogi. Iskar ta iso da sanyi, ta juya jirgin ya fuskance ta, sarƙar ta miƙe tana gurnani. Matuƙin ya zauna waje cikin ruwan sama da inji a kunne, idonsa a kan wata kuka da ya yi alama da ita don ya gane ko ƙugiya na ja. Ba ta ja ba. Da abin ya wuce yaron jirgin ya hura gawayi ya dafa shayi, muka sha har na uku.

Mar Loj mun ratsa ta ne a amalanken doki. A tsakiyar garin akwai rimi da maɗaci da giginya da suka girma a sarƙe da juna, mutanen garin na girmama wurin. Daga nan muka ci gaba da hawa kogi, kuma wani abin mamaki ya bayyana. Kogin da muka sani, in ka yi sama ruwansa daɗi yake ƙarawa. Salum akasin haka ne. Ruwan da ke sauko masa daga tudu kaɗan ne, teku ne ke shiga cikinsa fiye da kilomita 100, rana na ƙafar da shi, har ya zama na wajen Kaulaha ya fi na teku gishiri nesa ba kusa ba. Kana hawa daji na gajarcewa, har ya ƙare, sai fararen filaye tsirara da ko ciyawa ba ta fita.

A Funjun, kusa da babbar gadar da aka buɗe a 2022, muka yi sallama da jirgi. Matuƙin ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a a Madina Baye." Mota ta kai mu Kaulaha, muna hango tulin gishiri fari a bakin ruwa. A Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass, ba mu bukaci tafinta ba, Hausa ake yi a lunguna, ta Kano da ta Zariya da tamu. Zumuncin ya samo asali tun haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, kuma bayan rasuwar Shehu a Landan a 1975 ƙafa ba ta ɗauke ba. Yaya ya yi ziyararsa cikin natsuwa, ya cika alkawarin mai jirgi.

Da safe kuma ya ja ni kasuwa, domin Kaulaha ita ce cibiyar gyadar Senegal, abin da Maradi ta taɓa zama ga Nijar. Ya durƙusa gaban buhu ya damƙo, ya ɓare, ya murza ƙwayar a yatsa ya ga mai, ya tauna, ya sa ɗansa ya tambayi kwana nawa take yi a gona. Ya sayi ɗan awo ya ƙulle a leda zai gwada a gonarsa ta hanyar Ɗan Isa. Na ce masa, "Yaya, ka shuka ta a gefe ita kaɗai, kada ka haɗa da tamu sai mun ga yadda za ta yi da ƙasarmu." Ya ce kunya biyar zai ba ta, a kusa da rijiya.